Rigar wanda ya gudu: iyakar abin da idon ganau ke iya riƙewa

Ranar 10 ga Satumban 2003, da la'asar, wani mutum ya auka wa ministar harkokin wajen Suwidin, Anna Lindh, da wuƙa a cikin katafaren kantin NK da ke tsakiyar birnin Stockholm. Kanti cike da jama'a, fitilu a kunne, babu duhu babu hazo. Washegari ta cika a asibiti. 'Yan sandan da suka fara isa wurin sun tara waɗanda abin ya faru a idonsu cikin ɗaki guda, don kada su watse kafin a ɗauki bayaninsu. Niyyar ba ta da laifi. Sai dai mutumin da ya firgita ba ya iya kame bakinsa. Wannan ya faɗi abin da ya gani, waccan ta ƙara nata, kafin a zo kan kowa labarai sun cakuɗe. Sanarwar da aka baza ta ce a nemi mai jaket irin ta sojoji, mai dabbare-dabbare. Da aka duba hotunan kyamarorin kantin, sai ga maharin sanye da rigar sanyi ruwan toka da hular hana-sallah.

Mukan ce gani ya kori ji, kuma mukan girmama wanda ya ce shi ganau ne ba jiyau ba. Ni ma haka nake. Amma a shari'ar kisan shugabanni, inda ƙasa ta ɗauki zafi kowa na neman wanda za a ɗora wa laifi, ina ganin bayanin tufafi yana da lokacinsa, kuma lokacin gajere ne. Yana da amfani a sa'ar farko, lokacin da ake tare hanyoyi ana duba tashoshi. Daga nan nauyinsa sai raguwa yake, kuma bai kamata a gina hukunci a kansa ba.

Wanda ya kashe Anna Lindh, Mijailo Mijailović, an kama shi bayan mako biyu. Abin da ya ɗaure shi hular da ya yar ce a hanyarsa ta gudu, wadda aka samu ƙwayoyin halittarsa a jikinta, tare da hotunan kyamara. Ya amsa laifinsa a Janairun 2004, aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Rigar da ke bakin shaidu ta ɓatar da masu bincike, hular da ta shigo hannunsu ita ta tabbatar musu da shi.

Suwidin ta riga ta sha wannan ɗacin tun shekara 17 kafin nan. Daren 28 ga Fabrairun 1986, Firaminista Olof Palme ya fito daga gidan silima tare da matarsa Lisbet, suna tafe a ƙasa kan titin Sveavägen, ba dogari ko ɗaya. Da ƙarfe 11 da minti 21 wani ya matso ta bayansa ya harbe shi, harsashi na biyu ya shafi bayan matar, sannan maharin ya kutsa cikin wani lungu ya haye matakala ya ɓace. Mutane da dama sun gan shi. Sun yarda a kan abu ɗaya, cewa kayansa masu duhu ne. Daga nan suka rabu: wani ya ce doguwar kwat, wani ya ce gajerar jaket, wani ya ga hular saƙa, wani ya ga wata irin hula dabam, wani kuma ya ce kansa a buɗe yake.

Babu dalilin zargin ɗayansu da ƙarya. Haka idon ɗan Adam yake. Idan haske ya ragu, sashen ido mai bambance launi yakan yi rauni, shuɗi mai duhu da baƙi da ruwan ƙasa su koma kusan abu guda, fitilun titi kuma su ƙara jirkita su. Wanda ya ji ƙarar bindiga hankalinsa kan bindigar yake tafiya, da wanda ya faɗi, da inda zai ɓuya. Duka abin daƙiƙoƙi ne. Sannan a duba lokacin: tsakiyar hunturu ne a Stockholm, inda da wuya ka ga namiji a titi ba cikin kwat mai duhu ba. Bayanin da ya dace da rabin gari bai nuna kowa ba.

A 1988 aka kama wani mutum mai suna Christer Pettersson, Lisbet Palme ta nuna shi cikin jerin mutane. Kotun farko ta same shi da laifi a 1989, kotun ɗaukaka ƙara ta sake shi a shekarar, kuma cikin dalilanta har da yadda aka gudanar da nunin, domin an riga an shaida wa matar cewa wanda ake zargi mashayi ne. Sai ranar 10 ga Yunin 2020, bayan shekara 34, babban mai gabatar da ƙara Krister Petersson ya fito ya ambaci wani ma'aikacin kamfanin inshora na Skandia a matsayin wanda yake ganin ya yi kisan, ya kuma rufe binciken. Mutumin ya bar ofishinsa da ke kan titin mintoci kaɗan kafin harbin, kuma kwat ɗinsa da hularsa da 'yar jakar hannunsa sun yi kama da abin da wasu shaidu suka faɗa game da wani da suka gani yana gudu. Ba a samu bindigar ba. Mutumin kuwa ya mutu tun shekarar 2000, kuma a rayuwarsa cewa yake shi ma shaida ne. Wannan mataki ya dame ni ƙwarai, shi ya sa ban rubuta sunansa ba. Matacce ba ya tsayawa gaban alƙali, lauyansa ba zai tambayi shaida nisan da ke tsakaninsu ko hasken da ke wurin ba, danginsa ne za su yi ta ɗaukar kayan.

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗi ɗaya gefen. Yadda kamannin riga ba ya tabbatar da laifi, haka saɓanin riga ba ya wanke kowa. A Dallas, ranar 22 ga Nuwamban 1963, mutumin da ya hango mai harbin Shugaba John Kennedy ta taga ya ce kayansa masu haske ne kuma zai kai shekara 30. Lee Harvey Oswald, wanda aka zarga da kisan, shekararsa 24, an kuma kama shi cikin riga ruwan ƙasa, bayan ya biya ta ɗakin da yake haya. Shaidun kisan wani ɗan sanda mai suna Tippit, wanda shi ma Oswald aka zarga da kashe shi a ranar, ba su haɗu a kan launin jaket ɗin da suka gani ba. Masu neman maƙarƙashiya sun shafe shekara da shekaru suna kafa hujja da irin waɗannan giɓoɓi, kamar yadda suka yi da matar nan mai riga ɗige-ɗige da aka ce an gani a otal ɗin Ambassador na Los Angeles daren da aka harbi Robert Kennedy, ƙanin shugaban, a 1968. Suna neman ƙwaƙwalwar mutum ta yi aikin kyamara, in ta kasa sai su ce an ɓoye wani abu.

Maganin ba mai tsada ba ne. A raba shaidu nan take. A bar kowa ya faɗi abin da ya gani da bakinsa, a rubuta yadda ya faɗa, har da inda ya ce bai lura ba. Kada mai tambaya ya ce "baƙar kwat ce ko?", domin tun 1974 binciken masana halayyar ɗan Adam Elizabeth Loftus da John Palmer ya nuna cewa sauya kalma ɗaya a tambaya kan sauya abin da mutum zai tuna game da haɗarin motar da ya kalla. Kuma bayanin farko shi ne abin riƙewa, tun kafin shaida ya kalli talabijin.

Mu ma masu rubutu a jarida akwai namu kason. Ranar 22 ga Yulin 2005 'yan sandan Landan suka harbe wani matashi ɗan Brazil, Jean Charles de Menezes, a tashar jirgin ƙasa ta Stockwell, bisa zaton ɗan ƙunar baƙin wake ne. Kafafen labarai suka ɗauki maganar shaidu suka watsa: wai yana sanye da jibgegiyar rigar sanyi a tsakiyar lokacin zafi, wai ya tsallake shingen tikiti da gudu. Duniya ta ji, mutane da yawa suka ce ai shi ya jawo wa kansa. Sai a watan Agusta, da takardun bincike suka fito fili, aka ga ashe 'yar jaket ce ta jins marar nauyi a jikinsa, kuma da katinsa ya wuce shingen, yana tafiya a hankali kamar kowa.