Kuɗin masta ba a nemansu ranar rajista

Ina zaune a Lyon, kuma duk ƙarshen damina sai saƙonnin ƙannenmu na Tawa da Yamai su yi ta shigowa: an gama lisans, an samu gurbin masta, babu kuɗi. Wani a jami'ar Abdou Moumouni, wani a ta Tawa, wani yana hangen waje. Sun yi shekara 3 suna karatu, amma ba wanda ya zauna da su a gida ya yi lissafin shekara ta huɗu da ta biyar. Kowa ya zuba ido ga bursin ANAB, hukumar gwamnatin Nijar mai bai wa ɗalibai tallafin karatu, alhali ba kowa ke samu ba.

Abin na ci mini rai, domin mutanen Adar ba su da na biyu wajen tanadi. Ɗan cirani zai yi shekaru a Abijan yana tara kuɗin aure, kuɗin fili, kuɗin kujerar Makka. Karatu ne kawai muke bari sai ya zo bakin ƙofa.

A nan Faransa iyaye da yawa suna buɗe wa yaro asusun Livret A tun yana goye, suna zuba kaɗan-kaɗan. Abin da yake haifarwa bai taka kara ya karya ba, kuma kuɗin ruwa ne, wanda da yawanmu ba za mu taɓa ba. Abin koyi shi ne an sa wa kuɗin suna, kuma kowa a gidan ya san ba na biki ba ne.

Hanyoyinmu ma sun fi nasu kawo riba idan an auna lokaci. Albasar Galmi tana arha lokacin girbi, wajen Maris da Afrilu. Wanda ya zuba ta a rudu, rumbun ajiyar albasa, ya jira, yakan sayar da daraja bayan damina, daidai lokacin da jami'a ke buɗewa. Sai dai wani kaso yana ruɓewa, don haka kada a zuba duka a ciki. Ragon turka ya fi sauƙi, tunda a waɗannan shekarun Layya tana faɗowa kafin watan rajista. Adashi kuwa, a roƙi uwar adashi tun farko ta sa kwasar gidan a Satumba. Fili ne ba na so a dogara da shi, domin ranar da kake gaggawa, mai saye ne ke yanka farashi.

Masu hangen Turai, ku riƙe lissafi. A 2019, a jami'o'in gwamnatin Faransa, kuɗin masta ga ɗalibin da ba ɗan Tarayyar Turai ba ya koma yuro 3,770 a shekara, kusan sefa miliyan biyu da rabi, ko da yake wasu jami'o'i suna sassautawa. A lokacin, biza tana neman shaidar yuro 615 a wata, wato jikka 400 da ɗoriya. Doka ta bar ɗalibi ya yi aiki awa 964 a shekara, amma na ga yadda wanke-wanken gidan abinci da dare ke cinye lokacin rubuta kundin bincike. Abin da za a kashe a shekara guda a nan zai riƙe ɗalibi a Yamai har ya gama masta, da haya da abinci da kuɗin zuwa fagen bincike.

Mu da ke waje, idan za mu aika kuɗi ta Nita ko Amana, mu raba su biyu tun daga nan, mu faɗi ƙarara cewa wannan na cefane ne, wannan kuma na mastar Hadiza ko Sani, a hannun mutum guda da gida ya yarda da shi. A fara tun yaron yana shekarar farko ta lisans.