Ganuwar Santambul da tamu ta Zazzau

'Yan uwana Zage-zagi, zaman da nake yi a Santambul ya sa akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai game da garinmu. Santambul ta daina zama fadar mulkin Turkiyya tun 1923 da aka mai da gwamnati Ankara, kamar dai yadda Zariya take ba ita ce hedikwatar jiha ba. Amma Baturke bai ɗauki tarihin garinsa kayan baƙi ba. Ranar Asabar ko Lahadi za ka ga magidanci da matarsa da yara, wani lokaci har da kaka, sun hau jirgin ƙasa na cikin gari sun nufi ganuwar da aka gina tun ƙarni na biyar. A gefenta akwai gidan tarihin Panorama 1453, inda aka zana ranar da Sarki Muhammadu Alfatih ya ci birnin. Wasu su wuce masallacin Abu Ayyub Al'ansari su yi ziyara, a saya wa yara burodin riɗi, a koma gida.

Mu fa? Yaron da aka haifa a Kwarbai ko Tudun Wada yakan wuce Ƙofar Doka kullum a cikin keke, amma ka ce ya lissafo maka ƙofofin birni. Da wuya ya kai Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona, Ƙofar Kibo da Ƙofar Jatau ba tare da ya tsaya ba. Ba laifinsa ba ne. Fitarmu da iyali ba ta wuce gaisuwar dangi, biki, suna da ta'aziyya. Duk zumunci ne mai kyau, sai dai babu ranar da muka ware don yaro ya ga garin da kansa.

Kuma abin nunawa ba ƙarami ba ne. Ga dutsen Kufena tsaye, ga Turunku inda ake danganta Bakwa da Sarauniya Amina. Ga labarin Sarki Makau da ya bar birnin a zamanin jihadi, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa Abuja ta asali wadda yanzu ake kira Suleja, shi ya sa har gobe sarkin can yake amsa sunan Sarkin Zazzau. Yaro nawa aka taɓa zaunar da shi aka faɗa masa wannan?

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Masallacin Juma'a. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina shi a zamanin Sarki Abdulkarimu, da laka da azara kawai, ya ɗaga bakan gizo da ɗaurin guga irin wanda masana gine-gine daga ƙasashen waje suka zo suka auna suka rubuta. Mu da muke salla a ƙarƙashinsa ba mu cika ɗaga kai ba. A watan Agusta na 2023 wani sashe ya rufta ana tsakiyar sallar La'asar, aka rasa rayuka, Allah Ya jiƙansu da rahama. Tun ranar nake tunanin yaran da suka girma a unguwar ba wanda ya taɓa kama hannunsu ya nuna musu aikin.

Na san za a ce tasu ganuwar dutse ce, tamu ƙasa. Haka ne, laka sai da yaɓe, kowace damina tana cin nata. Amma ba ruwan sama kaɗai ya cinye ganuwar Zazzau ba. Mu ma mun haƙi ƙasarta mun yi tubali, mun gina gidaje a kanta, mun mai da ramukanta juji. A Jenne ta ƙasar Mali masallacinsu ma na laka ne, kowace shekara gari ke fitowa gayya a yaɓe shi. Mutum ba ya haƙar abin da aka nuna masa darajarsa tun yana ƙarami.

Akwai kuma inda muka fi su. Fadar Topkapi ta sarakunan Daular Usmaniyya a Santambul gidan tarihi ce tun 1924, babu sarki a ciki, sai kaya a bayan gilashi. Mu fadarmu da ranta: Mai Martaba yana zaman fada, dogarai na nan, kakaki da tambari na tashi, Hawan Daushe da Hawan Bariki na cika gari. Sai dai kallon hawa sau biyu ne a shekara, cikin turereniya, ba mai yi wa yaro bayanin wane ne wane, ko me ya sa wannan hakimi ya gabaci wancan.

Roƙona ga masarauta da ƙaramar hukuma ba mai tsada ba ne: allo a kowace ƙofa da bayani cikin Hausa, boko da ajami, da benci a inuwa, da matasan unguwa da za a koya wa tarihin su riƙa zagayawa da mutane ana ba su ɗan hasafi. Kafin a kai ga haka, kai magidanci ka ɗauki yara wata Asabar da sanyin safiya, ka roƙi dattijon unguwarku ya raka ku, ku fara daga Ƙofar Doka ku bi ta Babban Dodo har ƙofar fada. 'Yan mata ma a tafi da su, ba maza kaɗai ba.