Bali fa ba kamar sauran Indonesiya ba ce

Mutane da dama in sun ji Indonesiya ce ta fi kowace ƙasa ko kusan haka yawan Musulmi sai su ɗauka ai ko'ina ka sauka kawai ka zauna ka ci abinci, to a Bali ba haka ba ne, akasarin mutanen tsibirin 'yan Hindu ne. In ka ga an rubuta babi a jikin shago to alade ne, babi guling kuma gasasshen alade, abin alfaharinsu ne ma. Nemi shagon nasi Padang (shinkafa da miya irin girkin Musulman garin Padang) ko inda aka manna tambarin halal, akwai su sosai musamman a Denpasar da Kuta.

Yawo kam akwai shi, gonakin shinkafa hawa-hawa a Tegallalang kusa da Ubud, ga Uluwatu a bakin teku amma wallahi riƙe tabarau da wayarka gam, birrai na fizgewa.

Sannan ka duba ranar Nyepi, wato ranar shiru ta sabuwar shekarar 'yan Hindun Bali, kafin ka yanki tikiti, yawanci cikin Maris take, awa 24 ba fita titi, har filin jirgi rufewa ake. In hankalinka ya fi kwanciya da jin kiran salla, Lombok na maƙwabtaka, can Musulmi ne suka fi yawa.