Tarihin Remagen bai fara a 1945 ba

Na kalli bidiyon nan da ake ta yaɗawa tun jiya, wanda a cikinsa aka kira Remagen, wani gari a ƙasar Jamus, "garin da gada ta haifa", kuma har yanzu haushinsa bai sake ni ba. Ashe garin da Rumawa suka kafa wa sansanin soja a gaɓar kogin Rhine tun ƙarni na farko miladiyya, suna kiransa Rigomagus, sai a watan Maris na 1945 ya faɗo duniya. Madalla da wannan zurfin bincike!

Ban musanta muhimmancin gadar da ake nufi ba, wato gadar Ludendorff da ta ƙetare kogin Rhine a garin. Ranar 7 ga Maris 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka suka tarar da ita a tsaye, domin nakiyoyin da Jamusawa suka ɗana sun kasa rusa ta, suka ƙetare kogin a kanta, bayan kwana goma kuma ta rufta, ta hallaka sojojinsu 28. To amma gadar da aka fara ginawa a 1916 don jigilar sojoji, wadda ko shekara talatin ba ta cika a duniya ba, ta yaya za ta haɗiye tarihin kusan shekara dubu biyu?

Wasu za su ce ai da gadar duniya ta san garin. Wannan hujjar baƙo ce, kuma ranar da baƙo ya ji sunan gari ba ita ce ranar da aka kafa shi ba. Cocin Apollinaris da ke kan tudu, wanda aka aza harsashinsa a 1839 bisa zanen Ernst Friedrich Zwirner, magini mai kula da babban cocin Kolon, ya girmi gadar nesa ba kusa ba, amma ko sunansa ba a ambata a bidiyon ba.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne, mutanen garin sun fi masu bidiyon sanin ciwon abin. Sun ga dubban fursunonin yaƙi Jamusawa zube a fili tsakanin Remagen da Sinzig, babu rumfa babu isasshen abinci. Magajin garinsu, Hans Peter Kürten, ya sayar da gutsattsarin duwatsun ginshiƙan gadar, da kuɗin aka buɗe gidan tarihin zaman lafiya a cikin hasumiyoyinta a 1980.

Ba a sake gina gadar ba har yau. Mai son zuwa Erpel da ke tsallaken kogi sai ya jira jirgin fito, kamar yadda kakanninsa suka yi kafin 1916.