Fulogi da Tarwaɗa

Duk mai fatsa a kududdufan da haƙar kuza ta bari a wajen Rayfield da ke Jos ya san inda tarwaɗa take kwana: ƙarƙashin duwatsu, cikin ciyawar ruwa, daidai inda ƙugiya ba ta shiga ta fito lafiya. Shi ya sa ba ma ɓarnar kuɗi a kan dalma. Tsofaffin fulogin mashin muke roƙowa wajen makanikai, a matse ɗan lanƙwasasshen bakin nan da filaya ya zama zobe, shi ke nan an samu nauyi.

Ɗaurin ne ke da dabara. Babban zare mai kaurin milimita 0.40, ƙugiya a reshe kamar taƙi biyu sama da fulogi, don tanar da ke jikinta ta riƙa lilo a saman ciyawa inda kifi zai gan ta. Shi kuwa fulogi, da siririn zare 0.20 ake ɗaure shi, da gangan. In ya maƙale a tsagar dutse, siririn ne zai tsinke, ƙugiya da kifi su tsira. Masu kamu a bakin tekun Ingila ma haka suke yi wa dogayen ciyayin tekunsu. In kifi ya ci, ɗaga sanda sama ka ja da sauri, kar ka ba shi sarari ya koma rami. In kuma ya riga ka shiga, saki zaren ka jira, da kansa zai leƙo. Kar ka finciki abin da ya maƙale da sanda, karyewa za ta yi. Naɗa zaren a guntun itace ka ja da baya, kuma ba da silifas ba, don gansakukar wajen ba ta san girma ba.

To, ran wata Asabar da yamma, bayan ruwa ya ɗauke, tarwaɗa ta haukace da ci, ni kuma fulogina sun ƙare ƙaf a gindin dutse. Na waiwaya wajen wani dattijo da muke zama tare.

"Baba, ko da guda ɗaya?"

"Yaro, ni ma goro nake shirin ɗaurawa."

Sai idona ya faɗa kan mashin ɗina a gindin bishiya, ga sifanar fulogi a ƙarƙashin kujera. Na ce bari in kwance fulogin mashin ɗin, jifa ɗaya tak, in mayar da shi. Bakinsa ma ban matse ba, a wuya na ɗaure shi. Baba na kallona yana taunar goron da bai ɗaura ba.

Ko minti biyar ba a yi ba sanda ta lanƙwashe. Na ɗaga, na ja, na ji ƙasa ta riƙe, sai na ji ɗas! Tarwaɗa ta taso, ƙatuwa kamar damtsena, tana gurnani. Na danne ta a bayan ƙayoyin gefen kai, na ɗaga zaren. Siririn na reto, babu kowa a ƙarshensa.

"Dabararka ta yi aiki," in ji Baba.

Har Bukuru na tura mashin, ga sanyin Jos, ga kifi na mari na a ƙafa ta cikin buhu. Kowane shagon kayan gyara na tarar da kwaɗo. Wani mai Keke ya rage gudu ya ce, "Oga, mai ne ya ƙare?" Na ce a'a, fulogin ne ya tafi kamun kifi.

Maiɗakina ta leƙa buhu, ta dubi mashin, ta ce, "Baban Ummi, gobe in za ka koma ka faɗa min, in kulle janareto."