Ya buge ka ya gudu, wahala ta zama taka

Abin da ke ƙona min rai game da direban da zai buge motar mutum ya tsere shi ne, wanda aka zalunta shi ke kwasar wahalar duka. Mai laifi ya taka wuta ya ɓace, kai kuma ka shiga zarya.

Ka je wurin 'yan sanda, tambayar farko ita ce lambar motar. Wa ke da natsuwar karanta lamba alhali jikinsa na rawa, gilashi ya tarwatse masa a cinya? In babu lamba, sai a rubuta bayaninka a ce ka dawo. Ka ce musu akwai kyamarar tsaro a kusa, a yi ta jan ƙafa, ga shi na'urorin nan da yawa suna goge tsohon hoto su ɗora sabo. Kafin a je, shaida ta tafi.

Sai kamfanin inshora. Ba za su saurare ka ba sai da rahoton 'yan sanda, rahoton kuma bai fito ba. A nan ne mutane da yawa ke gane cewa inshorar da suka biya ta ɓarnar da suka yi wa wani ce kawai, ba ta gyara tasu motar. Ko mai cikakkiyar inshora, sai ya biya wani kaso daga aljihunsa, kuma a hana bakanike taɓa motar sai jami'insu ya zo ya duba. Haba! Mota na zaune a gareji, ba ranar zuwan jami'in, kullum ka kira a ce maka ana kan aiki.