Funfunar bishiyar ginko ba hujjar cin kuɗin tsofaffinmu ba ce

Makon jiya ƙanwar mahaifiyata ta turo mini saƙon murya da ke yawo a zauren WhatsApp na danginmu. Mai maganar yana ta rantsuwa cewa masana kimiyya sun gano wasu ƙwayoyin halitta a cikin bishiyar ginko ta ƙasar Sin masu haɗa maganin mantuwa, saboda haka kwalbarsa ta naira 18,000 za ta dawo wa tsoho da tunaninsa garau. A ƙarƙashin saƙon ta rubuta: "Ɗana, ka duba mini, in saya wa Malam?" Malam ɗin nan shekara biyu ke nan da samun shanyewar ɓarin jiki, kuma kullum da safe sai ya sha asfirin ɗin da likita ya ɗora shi a kai.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rabin maganar mutumin gaskiya ce. Akwai funfuna da bakteriya da ke zaune cikin ganye da saiwa da ɓawon itatuwa ba tare da sun cutar da su ba. A 2012 masu bincike a Sin suka raba funfunar Fusarium oxysporum daga jikin ginko, suka rene ta a ɗakin gwaji, ta fitar da ginkgolide B, sinadarin da a da ake ɗauka bishiyar kaɗai ke yin sa. A 2016 aka samu wata, Pestalotiopsis uvicola, mai fitar da bilobalide, wani sinadarin ginkon shi ma. Bincike ne mai daraja, ban raina shi ba.

Sai dai abin da ya bayyana a kwanon gwaji daban, maganin da za a ba mara lafiya daban. Tun 1993 Gary Strobel da abokan aikinsa a Montana ta Amurka suka ba da labarin funfunar da ke yin taxol, maganin ciwon daji, a jikin bishiyar yew, wadda daga jikinta ake samo maganin. Duniya ta ɗauka an huta da sare itatuwa. Abin da funfunar ke fitarwa bai kai ko ɗigon miligiram a lita guda ba, kuma irin waɗannan halittu in an raba su da bishiyar aka yi ta renon su a kwano, sau da yawa sukan daina fitar da sinadarin. Yau shekara fiye da 30, taxol ɗin asibiti har yanzu daga jikin bishiyar ko ƙwayoyin halittarta ake samo shi. To wace funfuna ce ke cikin kwalbar ɗan WhatsApp? Babu. Garin ganye ne, in ma ganyen ne.

Shi kansa ganyen an gwada shi a kan mantuwa, gwaji mai tsauri. A Amurka an bi mutum 3,069 masu shekara 75 zuwa sama, rabinsu na shan miligiram 120 na tataccen ginko sau biyu a rana har kusan shekara 6. Sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna bai hana cutar mantuwa ba. Faransa ta yi nata a kan tsofaffi sama da 2,800, a 2012 amsar ta zo iri ɗaya. Wannan kuwa ingantaccen ginko ne na kamfanin Schwabe na Jamus, ba wanda aka ɗura a bayan shago ba.

Masu cewa ai ganye ne, ganye ba ya cutarwa, su tuna zaƙami ma ganye ne. Ginko na iya tsinka jini, shi ya sa likitoci ke gargaɗin mai shan asfirin ko warfarin, masu tsinka jini su ma, a kansa. Ƙwallonsa kuma na ɗauke da guba mai hana bitamin B6 aiki, har ta sha jefa yara cikin jijjiga a Japan. Wanda ya ɓoye wa tsohuwa wannan ya karɓi kuɗinta, zalunci ya yi, ko da lambar NAFDAC manne a kwalbarsa, domin rajistar kayan ganye ba shaidar warkarwa ba ce.

Da da gaske muke son amfana da wannan ilimi, ga dogon yaro a ƙofar kowane gida. A 2012 aka samu funfunar Eupenicillium parvum a jikinsa tana fitar da azadirachtin, sinadarin da ke korar ƙwari daga amfanin gona, kuma a Indiya aka ɗebo samfurin. Sabara da marke da maɗaci suna nan suna jiran mai duba cikinsu. Jami'o'inmu da cibiyar binciken magunguna ta Abuja su sa kuɗi a nan, NAFDAC kuma ta bi sawun masu tallan murya.

Na kira ƙanwar mahaifiyata na ce kada ta saya. Ta yi shiru, sannan ta ce Malam jiya ya manta sunan autarsu. Ranar Litinin zan kai shi wajen likitansa.